Filin Lahadi da Litinin

Tela ya tsaya a tsakiyar matakalar ofishin filaye yana haki, hannu ɗaya a kan gwiwa, ɗayan kuma ya danne ledar takardu a ƙirjinsa. Matarsa ta riga shi kaiwa sama, ta juyo tana kallonsa.

"Malam, in tun a matakala ka sare, ina ga an shiga ciki?"

"Ba sarewa na yi ba. Gwiwa ce ke gaishe ni."

"To ka amsa mata mu wuce, kada a kira mu ba ma nan."

Abin da ya kawo su ba ƙarami ba ne. Shekarun baya, lokacin da yake zura zare a allura ba tare da tabarau ba, Tela ya sayi fili a bayan gari, ya ba matarsa takardar ta adana a ƙasan akwati. Bai samu halin gini ba. Yara suna makaranta, kuɗi kuma in ya shigo ta ƙofa sai ya fita ta taga. Yanzu mai gidan da suke haya ya ba su wa'adi zuwa faɗuwar damina, domin ɗansa zai rushe gidan ya yi shaguna. Tela ya tattara ɗan abin da ya tara, ya sa tifa ta zuba masa yashi a filin. Da ya koma Lahadin da ta biyo baya, sai ya tarar da bulo a jere kusa da yashinsa, ga kuma allo an kafa, an rubuta da jan fenti cewa filin nan yana da mai shi, har da lambar waya a ƙasa.

Ya kira lambar. Muryar da ta amsa ta ce ita ma tana da takarda, mai hatimin hukuma ma kuwa. Maganar ba ta yi daɗi ba. Tela, wanda bai taɓa ɗaga wa mai ɗinki murya ba ko da an zage shi a kan ɗinkin da bai gama ba, ranar sai da matarsa ta karɓe wayar daga hannunsa. Babban ɗansu ya ce a ɗauki lauya a tafi kotu kawai. Wani maƙwabcinsa a kasuwa kuma ya ce a fara gwada sashen sasanci na ofishin filaye, tunda shi ba a biya. Tela ya bi shawarar maƙwabci.

A barandar sama akwai dogon benci, mutane sun cika shi, kowa da ledarsa ko fayil. Suka samu wuri a ƙarshe. Ba a jima ba matar ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"Ga mutuminka can."

"Wanne?"

"Mai farar rigar nan, kusa da taga."

"Ta yaya kika sani? Ko ganinsa ba mu taɓa yi ba."

"Dubi yadda ya rungume ledarsa. Kamar kai."

Tela ya saci kallonsa. Mutum ne da bai kai shi shekaru ba, siriri, tsaf da shi, gemunsa a daidaice kamar an ja masa layi da rula. Ba irin fuskar da Tela ya zana wa muryar waya ba ce. Shi ya zana ƙaton mutum mai tumbi da zobba. Wannan kuwa wuyan rigarsa ma juya shi aka yi bayan ya ƙoƙe, kuma wanda ya juya ɗin bai iya ba. Tela ya ji hannunsa yana ƙaiƙayin ya gyara, sai ya kawar da kai.

Masinja ya leƙo ya kira lambar fayil. Su biyun suka miƙe tare.

Jami'ar sasancin mace ce mai matsakaicin shekaru, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Ofishinta ƙarami ne, fanka na juyawa a kasalance, fayiloli sun hau bango har kusa da silin. Ta sa aka kawo wa matar Tela kujera, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi sana'ar kowa. A nan Tela ya ji cewa abokin rigimarsa mai aski ne. Sannan ta shimfiɗa takardun biyu a kan tebur, ta danne su da kofin shayi don kada iska ta ɗauke.

"Na karanta duka," in ji ta. "Bari in fara da abin da zai sanyaya muku rai: babu ɓarawo a cikinku. Baba, kai ka saya daga hannun mai filin da kansa, da shaidu da komai, amma ba ka zo ka yi rajista ba."

"Na zo, ranki ya daɗe. Aka ce in dawo. Na dawo aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Sai na ce Allah ya dawo da shi lafiya."

"To, ka ga. Mai filin ya rasu, magadansa ba su ga alamar an sayar ba, suka sayar wa wannan bawan Allah. Shi ya yi rajista, aka auna masa, aka ba shi takardar mallaka. Wato takardar Baba ta girmi taka, taka kuma ta fi ta Baba gata."

Mai aski ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, ai hukuma ce ta ba ni."

"Hukuma ce. Shi kuma mai abu ne ya ba shi, tun kafin magada su gaji abin da za su sayar maka. In kun je kotu, ban san wanda zai ci ba, kuma duk wanda ya ce muku ya sani, kuɗinku yake so. Abu ɗaya na sani: ranar da aka shigar da ƙara, ba mai ɗora bulo a kan bulo a filin nan sai an yanke hukunci." Ta nuna wani fayil mai kauri a can sama, an ɗaure shi da igiya. "Kun ga wancan? Waɗanda suka buɗe shi sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansu ne ke zuwa yanzu."

Tela ya tuna wa'adin mai gidan haya. Damina ba ta jiran alƙali.

"Amma akwai abin da ake dubawa bayan takarda," ta ci gaba. "Wa ke riƙe da filin a zahiri? Wa ke kula da shi duk shekarun nan?"

"Ni," in ji Tela.

"Ni," in ji mai aski.

Suka kalli juna a karo na farko, kowa na mamakin ƙarfin halin ɗan'uwansa. Tela ya buɗe baki, jami'ar ta ɗaga hannu.

"Kada ku fara. In na bar ku, har yamma kowa ni zai ce. Baba, kana da shaida?"

"Ina da ita. Akwai wata dattijuwa mai injin markaɗe, katangarta ce iyakar filin. Duk unguwar Inna ake ce mata. Ta san ni kamar yunwar cikinta."

Jami'ar ta rubuta, ta juya ga mai aski. "Kai fa?"

Mai aski ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka riga shi faɗin abin da ke bakinsa. "Innar ce shaidata. Jikokinta a hannuna suka girma."

Jami'ar ta ajiye biro, ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. "Na daɗe a kujerar nan," ta ce, "na ga fili ɗaya da takarda biyu, har da mai uku. Shaida ɗaya da masu ita biyu, yau na fara gani. Ku tashi mu je."

Motar ofis ta lalace tun bara, don haka safiyon sashen mai auna filaye, wani mai fara'a da hular rana, ya ɗauke su a tsohuwar motarsa. Jami'a a gaba, su uku a baya: matar Tela a bakin taga, Tela a tsakiya, mai aski a ɗaya gefen. Kowa ya takure don kada jikinsa ya taɓa na wani. Amma da aka bar kwalta aka shiga hanyar ƙasa, motar ta faɗa rami, kafaɗar Tela ta bugi ta mai aski.

"Yi haƙuri," suka faɗa tare, kafin kowa ya tuna cewa fushi yake yi.

Matar ta juya fuska waje tana danne dariya.

Filin yana bakin wata sabuwar hanya da ake sharewa, an riga an zuba mata jar ƙasa, ana jiran kwalta. Duk filayen da ke kewaye fako ne, sai ciyawa da ledoji, amma wannan kore ne shar. Mangwaro biyu a baya sun yi rassa har suna haɗa inuwa, ga lemun tsami, ga gwaiba a gaba kusa da hanya. Gindin kowace bishiya an kewaye shi da tsohuwar taya da waya. Tela ya fito daga mota, ya ji ƙirjinsa ya buɗe kamar kullum in ya zo nan. Duk ranar Lahadi, da yake kasuwa ba ta ci sosai, yakan rufe shago ya hau motar haya ya zo ya yi shara, ya ba su ruwa, ya zauna a inuwa yana gina gida a zuciyarsa.

Injin markaɗe na ta ruri a rumfar maƙwabta. Inna na tsaye a kansa, hannu duk ƙullu. Da ta hango su, sai ta yi abin da Tela bai taɓa ganin ta yi ba: ta kashe injin. Shiru ya sauka a wurin har kunne na ƙara.

"Ikon Allah!" ta ce tana tafa hannu. "Yau ga wa ga ƙani rana ɗaya! Lafiya dai ko? Ko ginin ne ya tashi?"

Tela ya lura cewa wannan ne karon farko da ya ji muryarta sosai. Duk shekarun nan gaisuwarsu da ihu ake yin ta a kan ƙarar inji, da ɗaga hannu, da dafa ƙirji.

Jami'ar ta gaishe ta da ladabi, ta faɗi ko ita wace ce, aka kawo benci aka zauna a inuwar mangwaro.

"Inna, filin nan na wane ne?"

"Nasu ne mana."

"Su wa?"

"Su biyun nan. Babban yana zuwa Lahadi, ƙaramin yana zuwa Litinin. Ni dai ban taɓa ganin 'yan'uwa masu tsari irinsu ba. Har misali nake yi wa 'ya'yana da su, in ce ku dubi mutanen nan, sun raba aiki ba hayaniya."

Mai aski ya miƙe tsaye, ya sake zama. "Inna, ni ban taɓa ganin mutumin nan ba sai yau."

"A'a!"

"Litinin nake zuwa don ita ce ranar hutuna. Asabar da Lahadi ko ruwa ban samun sha, kowa so yake a gyara masa kai kafin ranar aiki."

Jami'ar ta ce, "To wa ya shuka bishiyoyin nan?"

"Babban," in ji Inna. "A gabana ya kawo su cikin leda, 'yan mitsi-mitsi."

Mai aski ya juyo gaba ɗaya ya dubi Tela, sannan ya dubi Inna. "Ba ke kika shuka ba? Ni na ɗauka ke ce, don ki samu inuwa. Shi ya sa na ce tunda kin yi wa filina alheri, jikokinki ba za su ƙara biyan kuɗin aski ba."

"Wa ya kewaye su da taya?" in ji jami'a.

"Ƙaramin. Shi ya sayo waya, har ta yanke shi a hannu na ɗaure masa."

Yanzu Tela ne bakinsa ya buɗe. "Inna, ba yaranki ba ne? Ni fa duk shekara da nake ɗinka miki kaya, godiyar kewayen nan ce da ban ruwa."

Inna ta dube shi, ta dubi mai aski, ta gyara ɗaurin zaninta, wanda ɗinkin Tela ne. "To ni wa ya tambaye ni? Kai ka zo ka dafa ƙirji ka ce an gode da ɗawainiya. Shi ma ya zo ya dafa ƙirji ya ce an gode da ɗawainiya. Ni kuwa ina korar muku awaki, ai ɗawainiya ce. Aka miƙo mini kaya, in ce na mene ne? Hannun da aka miƙa wa alheri ba ya tambayar dalili."

Safiyo ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Matar Tela ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Jami'a ma ta kasa riƙewa.

Tela kaɗai bai yi dariya ba. Wani abu ne ya faɗo masa. Akwai shekarar da ciwo ya kwantar da shi a asibiti a tsakiyar bazara, lokacin bishiyoyin ba su wuce ƙugu ba. Yana kwance yana lissafin sun bushe, har ya yi musu ta'aziyya a ransa. Da ya samu sauƙi ya lallaɓo, sai ya tarar da su kore, ƙasar gindinsu da danshi.

"Shekarar da aka yi zafin nan mai tsanani," ya ce a hankali, "da rijiyoyi suka ƙafe. Kai ne?"

"Ni ne," in ji mai aski. "Na ga an daina ba su ruwa, na ce ko Inna ce ba ta da lafiya. Sai na riƙa zuwa har da Alhamis da asuba, da jarka biyu a babur." Ya nuna bayan filin, ya ƙara, "Ƙaramin mangwaron nan ya kusa tafiya."

"Shi ne mai zaƙin kuwa."

"Wallahi shi ne. Babban yana da tsami-tsami."

"Sai ya nuna sosai. Kai ne kake tsinke shi da wuri, ashe. Ni ina ta zargin yaran unguwa."

Jami'ar ta bar su suka ɗan taɓa hirar mangwaro, don ta san ba ɓata lokaci ba ne. Sannan ta rufe fayil ɗinta a kan cinya.

"To, shaida ta yi magana, kuma ba ta raba gardama ba. Ku biyun kun riƙe filin nan, ba wanda ya fi wani. In kun je gaban alƙali, abin da Inna za ta faɗa ke nan. Yanzu bari in yi tambayar da takarda ba ta yi. Kai, me kake son ginawa a nan?"

Mai aski ya ce shi wurin kwana bai dame shi ba, yana da sashensa a gidan gado tare da 'yan'uwansa. Shago yake nema. Inda yake aski yanzu rumfar katako ce a bakin tasha, an riga an shafa mata jan fenti, ko yau ko gobe a rushe. Da ya ga za a yi kwalta a nan, sai ya ce lokaci ya yi: shago mai ƙofa biyu yana kallon titi, da ɗan ɗaki a baya.

"Baba fa?"

"Gida," in ji Tela. "Ɗaki huɗu, da kicin, da tsakar gida." Ya dubi bakin hanya. "Da shago a gaba."

Safiyo ya ciro tef ɗinsa, mai aski ya riƙe masa baki ɗaya, suka auna tsawo da faɗi. Ya dawo ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke. In an tsaga filin biyu daga titi zuwa baya don kowa ya samu gaba, kowane rabi zai zama siriri kamar zariyar wando, ofis ba zai amince da shi ba, kuma ko ya amince ba a gina abin kirki. Abin da suka saba yi shi ne a yanke gaba a ba ɗaya, baya ga ɗaya, a bar lungu a gefe ya zama hanyar mai baya. Baya ya fi girma, gaba ya fi daraja. Kowa zai samu sabuwar takarda da sunansa, a soke tsofaffin biyu.

"Ba dole," in ji jami'a. "Ku yi shawara. In kun yarda mu rubuta a nan, in ba ku yarda ba in tura fayil ɗin gaba."

Tela ya tashi ya taka zuwa bakin hanya, ya tsaya kusa da gwaibar. A daidai nan ya daɗe da ajiye kekensa na ɗinki a zuci. Ya san inda taga za ta kasance don hasken safe ya sauka a kan allura, ya san inda zai rataye yadudduka. Daga gado zuwa keke taku kaɗan, ba motar haya, ba matakalar kasuwa da ke cin gwiwarsa kowace safiya. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Babban ɗansa ne, kuma Tela ya san abin da zai ce: takardarmu ce ta fari, kada ka yarda a ba ka rabi. Wataƙila ma gaskiyarsa ce. Ya bar ta ta yi ta ƙara har ta gaji.

Matarsa ta zo ta tsaya a gefensa.

"Me kika gani?" ya ce.

"Na taka bayan. Ɗaki huɗu ba za su shiga ba, sai an sare mangwaro ɗaya. Uku za su shiga."

"Ke kika ce huɗu."

"Na ce huɗu lokacin yara suna gabanmu. Yanzu saura auta. In sun zo da jikoki a shimfiɗa tabarma." Ta gyara mayafi. "Malam, ni ba titi na zo nema ba. Ƙofa nake so wadda in na rufe, ba wanda zai ƙwanƙwasa ya ce mini wata ya ƙare. Amma shagon naka ne, gwiwar ma taka ce. In ka ce kotu, sai mu nemi wani gidan hayar mu jira."

Tela ya kalli mai aski can a inuwa, yana taya safiyo naɗe tef. Ya gwada jin haushinsa kamar yadda ya ji a waya, ya laluba ko'ina bai samu ba. Da wuya ka yi shari'a da mutumin da ya ɗauko jarka da asuba don bishiyarka.

Suka dawo. "Mun ɗauki baya," in ji Tela.

Mai aski ya sauke ajiyar zuciya. Amma da safiyo ya faɗi faɗin lungun, matar Tela ta ce ba ta yarda ba.

"Wannan ai hanyar kyanwa ce. Gadona ba ya kwancewa, a haɗe aka yi shi. Lungun da gado ba zai shiga ba, ba lungu ba ne."

"Yaya," in ji mai aski, "duk abin da aka ƙara miki daga shagona ake yanka fa."

"Kujerar aski nawa ne faɗinta? Kawunan mutane za ka aske ko na shanu?"

Inna ta goyi bayanta, safiyo ya goyi bayan mai aski, aka yi ta ja kamar ana cinikin yadi. A ƙarshe mai aski ya saki ƙafa ɗaya da rabi, bisa sharaɗin ƙaramin mangwaro in ya yi 'ya'ya yana da kwando a ciki. Tela ya ce ya yarda, in zai bari ya nuna. Bulo da yashi kuwa aka ce birkila ɗaya za su ɗauka, ya fara da ɗakunan baya saboda damina, rumfar tasha ta ɗan ƙara haƙuri. Inna ta tambaya ko yanzu ɗinki da aski na kyauta sun ƙare ke nan. Ba wanda ya amsa mata, ta ce shiru ma amsa ce, ta koma ta tayar da injinta.

Jami'ar ta rubuta yarjejeniyar a kan murfin mota, ta karanta musu da ƙarfi saboda ƙarar inji. Mai aski ya sa hannu. Ya miƙa wa Tela biron, amma bai sake shi nan da nan ba.

"Yaya babba," ya ce yana sosa ƙeya, "na ji ka ambaci shago. Ƙofa biyu zan yi, ni ɗaya nake buƙata. Ɗayar dama haya zan bayar. In kana so, kai ne farko. Ba zan tsawwala ba."

Tela ya tambaye shi wace ƙofar. Mai aski ya nuna ta wajen gwaiba.

Matar ta riƙe haɓa. "Oh ni! Wato mun gudo daga haya, mun zo filinmu mu kama haya."

Tela ya karɓi biron, ya gyara tabarau, ya nemo layin da aka rubuta sunansa.

"Ni da ke ne muka gama kwanan haya," ya ce. "Keke kuwa ƙarfe ne, ya kwana inda ya samu."

Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, sannan ya ɗago ya ce wa mai aski in an zo yin tagar shagon a kira shi.